Fasto Riɓi-Ɗari da Irin Geron Gidan Nababa

Wanda bai ga Fasto Mika'ilu ranar Lahadi ba, bai ga albarka sanye da kwat ba. Ga takalmi mai tsini, ga agogon da ya daina tafiya amma bai daina ƙyalli ba, ga turaren da ke riga shi shiga coci. Lallai mutanen Gidan Nababa, ƙauyen Kiristocin nan na bayan Makoda, sun taki sa'a.

Ɗan garin ne, kowa ya san akuyar da ta taɓa kayar da shi. Amma wata shida ya yi a birni yana riƙe wa wani babban mai wa'azi jaka, ya dawo Manzo, kuma Dakta. Tsohon faston da ya gada ya shekara talatin a kan keke ɗaya yana koya wa mutane haƙuri. Mika'ilu ya ce wannan bisharar masu faci ce.

"Allahna ba matsiyaci ba ne," in ji shi. "Talauci aljani ne, kuma ya san muryata. Ka ba Ubangiji ɗaya, ka karɓi riɓi ɗari." Safe riɓi ɗari, yamma riɓi ɗari, har sunan ya bi shi.

Shekarar kuwa ita ce wadda fetur ya tashi, kwanon gero ya gagari wanda ya noma shi. Tuwo sau ɗaya a yini. Tasar baiko, wadda ake jefa sadakar coci a ciki, ta zagaya ta dawo kamar an wanke ta. Da wani ne da ya karaya. Shi ko Riɓi-Ɗari sai ya ɗaga kai sama neman wahayi, wahayin kuma, don ikon Allah, ya sauka daidai kan rufin madafar mutane.

A nan kowane gida ke rataye iri. Tun kaka ake zaɓen zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure ta inda hayaƙi zai riƙa dukanta don kada ƙwari su taɓa. Ko yara na kukan yunwa ba a sauke ta, don ita ce abincin baɗi.

"Abin da kuka rataye ɗin nan rashin bangaskiya kuka rataye," in ji Fasto. "Kun dogara ga hayaƙi, kun bar Mai sama. Ku sauke, ku sussuke, ku kawo coci gaban bagade. Kafin ruwan shuka kowa zai nemi amalanke."

Mai yunwa ba ya musu da mai alkawari. Aka sauke, aka sussuke, aka kawo da waƙa. Sai gwauruwa ɗaya, Inna Maryam, wadda ta zauna a bencinta hannu wofi.

"Fasto," ta ce, "in ruwa ya riga amalanken zuwa fa?"

Lahadi uku yana wa'azi a kanta. Ya sa mata suna Uwar Shakka, ya hana a zauna kusa da ita. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don a cocin nan aka ɗaura aurenta, a nan aka yi wa mijinta addu'ar ƙarshe. Ta yi kukanta, amma ba ta sauke damin ba.

Kada mai mugun baki ya ce Fasto ya ci amana. Ko ƙwaya bai sayar ba. Ya dai jibge buhunan a ɗakin bayan coci, a kan ƙasa tsura, ya sa kwaɗo, yana jiran farashi ya ƙara tashi a kasuwar Dawanau. Mutumin da ke hira da mala'iku ina ya ga lokacin tuna yadda babansa ke ajiye hatsi?

Ruwa ya sauka ranar wata Asabar, mai yawa, irin wanda ba a kwana biyu ba a shuka ba. Da safe jama'a suka cika coci, kowa da sunguminsa da ƙwaryarsa. Ba su ma nemi ɗarin ba, nasu ɗayan suke so. Da dattawa suka matsa, Fasto ya buɗe ɗaki. Gara ta ci ta ƙasa, ɓeraye sun ci ta sama, na tsakiya ya zama gari yana motsi. A gaskiya an samu riɓi ɗari, sai dai ƙwari ne suka samu.

"Wannan harin Shaiɗan ne," ya fara. Ya waiwaya, babu kowa. Duk sun nufi gidan Uwar Shakka.

Inna Maryam ta sauke damin nan nata baƙi ƙirin da hayaƙi, mata suka sussuke, ta riƙa auna wa kowane gida tafi biyu. Bai isa gona ba, amma ya fi babu. A ƙarshen layi sai ga takalmi mai tsini ya sha taɓo, don shi ma Manzo yana da gona, tuwo kuma yake ci. Bai zo da ƙwarya ba, tasar baiko ya miƙa.

Ta zuba masa tafi biyu kamar kowa.

"A ƙasa ake sa shi, Fasto," ta ce. "Nan Ubangiji ya saba riɓawa."