Bangon Littafin Addu'ar Kakanmu

Shekara biyar ina tsara bangon mujallar mawaƙan hip-hop. Don haka da kakanmu, malamin allo a Sheshe, ya rasu, ni na karɓi aikin ɗan littafin addu'ar arba'in. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa.

Yadda hannuna ya saba na yi: bango baƙi ƙirin, manyan haruffan zinare, hularsa ta rufe rabin sunansa, carbin wuyansa yana ƙyalli kamar sarƙa.

Ranar sadaka liman ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ashe Malam waƙa yake yi ba mu sani ba?"

Har yau, ko mura Kawu Bukar ya yi, sai ya nuna ni ya ce wa 'ya'yansa, "In ta Allah ta kasance, kada ku ba wannan hotona."