Rasuwar Hoton Ƙashin Bayan Malam Tukur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kwankwaso mai cike da abin da ya fi haka, Malam Tukur Ilu na Rawayau yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kurfi da Dutsin-Ma rasuwar amininsa kuma babban shaidarsa, Hoton Ƙashin Baya, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a bakin kurfoti, bayan gajeriyar jinya.

An haifi marigayi a wani asibiti a Dutsin-Ma, shekarar da Malam Tukur ya sunkuya zai cicciɓi damin gero ya kasa miƙewa. Ya zo duniya baƙi wuluk, da fararen ƙasusuwa a jere kamar 'ya'yan carbi. Likita ya ɗaga shi a haske ya ce babu karaya, babu gocewa. Ɗan zaizayewar da ake gani ta shekaru ce, dattawa da yawa suna da irinta kuma suna harkarsu lafiya lau. Ya ce hoto ƙashi kawai yake gani, ba ya ganin tsoka, ba ya ganin jijiya, balle zafin da mutum ke ji. Ya rubuta magani, ya ce a riƙa takawa, a rage ɗaukar kaya masu nauyi.

Wannan bayani bai yi wa Malam Tukur daɗi ba ko kaɗan. Mutum ya taho bisa babur yana cije leɓe tun daga Rawayau, a ce masa ba a ga wani abu ba? Yana fita ya ɗaga hoton a rana da kansa, sai ga wani abu fari fat a gefen ƙugu, mai zagayayyen kai da haƙora. Likita ya yi magana a kan wannan ma, amma lokacin Malam Tukur ya riga ya toshe kunne. Ya ce ga ciwon nan, har haƙora gare shi.

Marigayi ya yi rayuwa ta haƙuri da zumunci. Bai taɓa ƙin zuwa suna ko ɗaurin aure ba. Hannu nawa ya taɓa shi, mai man tsire da mai jan goro, bai taɓa ƙorafi ba. A ƙarƙashin katifa yake kwana cikin ambulan ɗinsa, in an zaro shi ya gaida jama'a da muryar nan tasa mai sanyi: walam, walam. Babban aikinsa kuwa a gayya ne. Dokar unguwa ita ce wanda bai je girbin wani ba, babu mai zuwa nasa. Malam Tukur ba ya iya sunkuyo, don haka duk ranar gayya sai ya zauna a inuwa ya ɗaga marigayi, marigayi ya yi bayani. Albarkacinsa, a ganin Malam Tukur, dawarsa ba ta taɓa kwana a gona ba.

Mutum ɗaya ne bai yarda marigayi ya haɗu da shi ba: hoton Hudu maƙwabci, ɗan dako a kasuwar Dutsin-Ma. An ɗauki nasa da ya faɗi daga babur, aka ga ƙashin baya kamar tsohon gini ya sha damina. Amma har gobe Hudu buhun masara yake saɓawa yana tafe yana fito.

Ranar ajali, Malam Tukur ya manta marigayi a kan tabarma. Maiɗakinsa Rahamatu tana hura gawayi za ta dafa ruwan gasa masa baya, ta nemi mahuci ta rasa, ta jawo abin da ke kusa. Shaidu sun tabbatar ba a taɓa ganin mahuci mai kyawunsa ba, wuta ta kama nan take. Sai dai ya matsa kusa da yawa. Ya lanƙwashe, ya nannaɗe, ya ce tsuuu, shi ke nan. Kusurwa ɗaya ta tsira, mai farin abin nan. Malam Tukur ya ɗauke ta yana kuka.

Rahamatu ta leƙa ta ce, "Malam, wai mabuɗin rumbun nan kake ma kuka? Ga shi nan ɗaure a mazagin wandonka, inda yake tun aurenmu."

Marigayi ya rasu ya bar ambulan guda, katin asibiti, ledar magani, da ciwon baya, wanda yake nan cikin ƙoshin lafiya.

A nan ne wasa ya ƙare wa Malam Tukur. Dawa ta nuna, shaida ya mutu, kuma ashe shaidar zur yake bayarwa. Bayan nasa kuwa da gaske yake ciwo, Allah Ya sani. Tsoro ya kama shi, da kunya, har tuwo ya gagara. Yana cikin haka Hudu ya shigo gaisuwa, ya zauna ya saurari komai, sannan ya tuntsire da dariya.

"Haba Malam Tukur, wa bai san mabuɗi ba? Tun ranar farko muka gane shi, mun dai ƙyale ka. Mu ba hoto muke kallo ba. Yadda kake dafa bango in za ka tashi daga sahu, shi muke kallo."

Malam Tukur ya ce hayaƙin gawayi ne ya shigar masa ido, alhali tuni an kashe wutar.

Za a binne abin da ya rage na marigayi ranar Asabar da safe, a gonar Malam Tukur da ke hanyar Wurma, gindin tsamiya. Babu wanka, babu likkafani, ambulan ya wadatar. Rahamatu za ta dama kunu, ta kuma sayi mahuci. Hudu ya roƙi masu rakiya kowa ya taho da magirbinsa, tunda dai an riga an zo gona. Malam Tukur zai karɓi gaisuwa a zaune, kuma a karon farko, hannunsa babu komai.