Gadar da Ba a Sauka

Jiya da safe na goya mahaifiyata na tsallaka titi da ita. Asibitin da ake duba mata gwiwa yana can tsallake, tsakaninmu da shi layi shida na motoci, ba wadda ta san birki.

Kada in ci haƙƙin kowa, akwai gada. Masu Girma sun gina mana ita bara, aka yanka ƙyalle, aka sha tafi. Ta ɓangarenmu matakala hamsin da huɗu. Ta ɗaya ɓangaren ko ɗaya babu. Ka hau, ka sha iska, ka hango asibiti daga sama, ka dawo inda ka fito.

Shi ya sa kowa ke kurɗawa ta kafar da wani mai walda ya yanke a shingen tsakiyar titi.

"Sauke ni, ɗan nan, mutane na kallo," in ji Inna.

"Su kalla. Riƙe ni da kyau."

Muna tsakiya wani mai babur ya shafi gefen zanenta, hular kwanonsa na lilo a gwiwar hannu. Na daka masa tsawa, na ce hular ta hannu ce?

"Zafi, maigida! In na hango jami'ai zan sa."

Da muka dawo, maƙwabcina mai faci ya tare ni da rediyo a kunne.

"Ka ji kwamitin Mai Girma ya dawo? Ƙasa tara suka zaga, suna nazarin yadda ake tsallaka titi."

"Me suka gano?"

"Wai mu ne ba mu da tarbiyya. Za a wayar mana da kai."

Madalla da wannan hangen nesa. Mutumin da jiniya ke share wa hanya, wanda takalminsa bai san zafin kwalta ba, shi zai koya mana tafiya. Har sun kafa allo a gindin gadar: "Hau gada, ranka yana da daraja."

Likita ya ce Inna ta koma ranar Alhamis. Ta ce ba inda za ta, ta gwammace gwiwar ta cinye ta a kan gadonta da a kwashe ta a kwalta. Har yanzu ina lallashinta.

Mai Girma, ranka ya daɗe, saura ƙasa ta goma a wannan nazari: tsallaken titinmu. Ba a neman biza. A turo shugaban kwamiti ranar Alhamis da ƙarfe takwas. Ni da Inna za mu bi ta kafar shinge. Shi ya hau gada, mu haɗu a can.