Kwamanda da Zarton Ko-ta-kwana

Idan ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar hangen nesa, da Kwamanda ake farawa, da shi ake rufewa, sauranmu 'yan rakiya ne. Mutum ne mai ganin ambaliya a cikin kofin ruwa, ya hango gobara a kan ashanar da ba a ƙyasta ba. Bai taɓa shiga soja ba, kada a yi masa ƙage. Duk shekarun aikinsa a ofis ya yi su yana buga hatimi. Amma gab da ritayarsa aka tura shi taron bita kan shirin ko-ta-kwana, ya dawo da jaka mai tambari da usur rataye a wuya. Tun ranar layinmu ya samu mai ceto, ko da yake ba wanda ya ce yana nema.

Ka yi masa ina kwana, ya tambaye ka ta ina za ka fita idan ƙofarka ta ƙi buɗuwa. Ka ce ina gajiya, ya ce gajiya tana ga wanda bai shirya ba.

A tsakar gidan wannan bawan Allah akwai wani tsohon mangwaro. Ɗaya daga cikin manyan rassansa ya bushe ƙayau, ya sunkuyo kan ɗakin da uwargida take ɗinki. A ɗakin nan kekenta yake, da yadukan mutane jibge har rabin bango, amanar da take kwana da ita take tashi da ita. Ko yaya iska ta kaɗa, sai reshen ya gogi kwanon rufi ya yi ƙara. Ta ce a kira mai saran itace ya sauke shi. Kwamanda ya dube ta irin kallon da likita yake yi wa wanda ya zo da maganin kansa.

"A gidana? Gidan da ake zuwa ɗaukar darasi? Uwargida, duk gidan da ya dogara da gatarin wani, gidan marasa shiri ne. Zarton inji zan saya, namu na kanmu. Sai dai zan yi bincike tukuna, don sauri kan haifi nawa."

Bincike kuwa an yi shi, ba a bar wa na baya komai ba. Ba shagon kayan aiki a kasuwa da bai san takunsa ba. Ya fara da mai amfani da fetur. Ya ja igiyar tayarwa, injin ya yi tari ya yi shiru, kafaɗarsa ta amsa. Nan take ya yanke hukunci cewa injin ba shi da ladabi, kuma ranar masifa gidajen mai a rufe suke. Ya koma kan mai doguwar waya da ake jona wa wutar lantarki, ya ce guguwar da take kayar da itace ita take tsinke wayar wuta. A nan kam, a faɗi gaskiya, ya yi magana. Saura mai batir.

To, a kan mai batir ɗin aka zauna. Wane ne ya fi riƙe caji, wane ne sarƙarsa ba ta yawan saki, wane ne yake shan man sarƙa kamar ba gobe. Kwamanda yakan ɗauki zarto ya tsaya gaban gilashin shago, ya juya hagu ya juya dama, ya ga wanda ya fi dacewa da ƙirjinsa. Wani mai shago ya yi kuskuren cewa ƙarami ma ya isa aikin gida, ga rashin nauyi.

"Ƙarami? Ka ga na yi kama da mai yankan farce? Ni ba don gidana kaɗai nake saye ba, malam. Rayukan layi guda ne a wuyana."

Kullum haka zai sa a sauko da kaya, a buɗe kwali, a yi bayani har maƙogwaro ya bushe, sannan ya ce zai dawo. 'Yan kasuwa suka raɗa masa Zan-dawo. Da sun hango jakarsa mai tambari, sai kowa ya tuna yana da aiki a bayan shago. Ana cikin haka damina ta zo ta wuce, reshe ya ƙara sunkuyowa.

Ranar da aka sayo zarto, tun daga bakin layi muka ji hon. Ya sayi mafi tsawo a shagon, da batir biyu, da hular kwano, da tabarau, da safar hannu, da abin toshe kunne. Aka kwashe tangaran ɗin uwargida daga kabad mai gilashi na falo, aka kwantar da zarto a ciki. Kowace safiya sai ya fito da shi ya goge, ya duba fitilun batir, ya ja sarƙa da yatsa ya ji tsaurinta. Wanda tsautsayi ya kai shi gidan kuwa sai ya saurari karatun takardar bayanin injin, da sharhi.

Uwargida ta yi hamdala. Ta kwashe shanya, ta janye tukwanen furanni, ta jingina tsani a jikin mangwaro, ta je ta ce masa bismilla. Kwamanda ya cire tabarau a hankali.

"Ashe duk zamanki da ni ba ki ƙaru ba. Wannan kayan gaggawa ne. Kin taɓa ganin an ɗauki motar asibiti an tafi cefane? In na ƙarar da batir a kan reshe, na dakusar da sarƙa, masifa ta zo ta same ni da me? Reshen nan ya faɗi? Bai faɗi ba. To abin da bai faɗi ba, ba gaggawa ba ne."

Ta ce to shi ke nan, a kira mai gatarin.

"Da zarto a falona in kira mai gatari? So kike a yi da ni a layi?"

Ka ji hikima. Zarto ya fi ƙarfin reshe, reshe kuma ya fi ƙarfin gatari tunda akwai zarto a gida. Baiwar Allah ta ja keke zuwa kusurwa, ta lulluɓe yaduka da leda, ta koma ɗinki ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan rufi. Ni dai ta ba ni tausayi ƙwarai.

Wata la'asar, da damina ta sake kamawa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso. Muka ji ƙara kamar an jefar da mota. Allah ya taimaka uwargida tana kicin. Reshen ya ɓurma rufin ɗakin ɗinki, ya yaga kwano, ya keta ledar, ya zauna daram a kan yadukan mutane, ruwa yana bin sa.

Sai ga usur. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Tunda nake ban taɓa ganin fuskar Kwamanda da annuri irin na ranar ba. Ya shiga ɗaki ya sa hula, ya sa tabarau, ya sa safa. Da ya fito sai ya tsaya a baranda, domin takardar bayani ta hana a jiƙa batir. Ruwa yana zuba a ɗakin ɗinki, uwargida tana ta jan abin da za ta iya ja, shi kuma yana ba da umarni daga inuwa. Kafin ruwa ya tsagaita maƙwabta sun cika tsakar gida, wanda dama shi ne sharaɗinsa na biyu: a samu 'yan kallo.

Ya danna maɓalli. Jama'a, zarto dai zarto ne. Ya shiga reshen nan kamar wuƙa a sabulu. Gunduwa, gunduwa, gunduwa, kafin mu gama mamaki an gama. Fitilar batir ko ɗaya ba ta mutu ba. Muka tafa, don abin ya cancanci tafi. Kwamanda ya ɗora ƙafa a kan gungume, ya ɗaga zarto sama.

"Kun ga amfanin shiri! Da na bi shawarar masu gaggawa, yau da me zan ceci gidan nan? Uwargida, faɗa musu da bakinki. Kin taɓa ganin aiki mai sauri haka?"

Tana tsaye a ƙofar ɗakin da ba rufi, ruwa har idon sawunta, tana matse leshin wata mata da ya koma kalar laka. Ta dube shi, ta dubi gungumen.

"Ban taɓa gani ba, Baban yara. Ashe aikin da na yi damina biyu ina roƙo bai kai tsawon sa hularka ba."

Tafi ya mutu a hannunmu. Kwamanda ya gyara murya zai yi ƙarin bayani, ta miƙa masa bokiti.

"Ungo, kwashe ruwan. Wannan ba sai an yi masa caji ba."

Muka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, muka bar mai ceton layi a durƙushe, da hular kwano da tabarau, yana kwalfar ruwa.