Ranar da Inna Tabawa Ta Faɗi Sunan

Da sunan Mai Kowa Mai Komai muka ɗauki alƙalami, sai a gyara zama, domin wannan tarihin Inna Tabawa ta Ƙaraye ne, 'yar Ɗanjuma mai gishiri, jikar Gambo Wanzami wanda askarsa ba ta taɓa sanin tsatsa ba, tattaɓa-kunnen Kande mai ƙosai wadda ake jiyo ƙamshin kaskonta daga ƙauyuka uku. Ita ce Tabawa uwar rundunar jikoki, sarauniyar muciya, ma'abociyar tsawa, wadda gyaran muryarta kaɗai ke mayar da awakin unguwa gida ba tare da an ɗaga sanda ba.

A cikin dukkan darajojinta babu wadda ta kai guda ɗaya. Shekara hamsin da huɗu ke nan tun da aka kai ta ɗakin Malam Zakari, Allah Ya jiƙansa, kuma sunan nan bai taɓa ratsa leɓɓanta ba, ko a mafarki. Kunya ce irin ta mutanen da. Saboda tsabar taka-tsantsan, ko zakaran gidanta "namijin kaza" take ce masa, kada harshe ya zame ya kai ta inda ba ta nufa ba. Da aka haifi jikanta aka mayar masa da sunan marigayin, sai ta raɗa masa Maigida, ta goya shi har bayanta ya san nauyinsa, tana tsokanarsa da ragon miji wanda ba ya kawo cefane.

To, a shekarar da muke magana, labari ya iso fadarta cewa Maigida ya gama jami'a, ya gama hidimar ƙasa, ya sami aiki a Abuja, har ya kama ɗaki. Duk wannan ta yi hamdala. Amma da aka ƙara da cewa taliyar leda yake ci safe da yamma, sai jaruma ta miƙe tsaye, ta ɗaura ɗamara. Ta tara makamai: daddawa ƙulli goma, kuka, kuɓewa busasshiya, man shanu a kwalba, da tsohuwar muciyarta wadda ta ga yaƙoƙin biki da suna ba adadi. Ba ta gaya wa kowa ba sai maƙwabciyar da ta bar wa ajiyar kaji, domin nufinta ta yi masa dirar mikiya, ta kama shi da tukunya ba wanki.

Ranar Asabar da sassafe runduna mai mutum ɗaya ta tashi. Ta ratsa Zariya, ta keta Kaduna, tana buga waya tana gaida duk wanda ta taɓa sani a garuruwan nan, har wayar ta gaji ta mutu da lambar Maigida a cikinta. Bayan azahar mai tasi ya sauke ta a unguwar da aka rubuta mata a takarda tun watan jiya, gaban wata ƙofar ƙarfe baƙa mai tsayin mutum biyu.

A nan ta tarar da mai tsaron ganuwa, Kofur Bitrus, tsohon soja, dutsen da ba ya jin lallashi, ma'abocin kulki da littafin baƙi, wanda tun da aka ba shi ƙofar nan ko kyanwa ba ta shiga ba sai da suna.

"Mama, sannu da hanya. Wajen wa?"

"Wajen mijina," in ji Inna, ta sa kai za ta wuce.

Kofur ya tare hanya da ladabi. "Gida tamanin ne a ciki, Mama. Sunansa?"

Nan ƙasa ta girgiza, ko da yake Inna ce kaɗai ta ji. Amma jaruma ba ta ja da baya a karon farko. Ta kai hari da rundunar kwatance: dogo ne, baƙi, mai wushirya, jikana ne, akwai tabon ƙunar kunu a gwiwarsa ta hagu. Kofur ya ce dogaye baƙaƙe sun fi talatin a ciki, kuma aikinsa bai kai ga duba gwiwar mutane ba. Ta ce ana kiransa Maigida. Ya ce duk mazan ciki haka matansu ke kiransu.

Sai ta sauya dabara. Ta zare muciya daga buhu kamar mai zare takobi, ta duƙa, ta zana sunan a ƙasa da ajami. Kofur ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya zagayo ta ɗaya gefen, ya ce shi dai tsutsa yake gani. Inna ta yi maza ta share da tafin ƙafa, tana istigfari.

Daga nan ne aka yi gumurzun da masu shagunan layin suke ba da labarinsa har gobe. Inna Tabawa, 'yar Ɗanjuma, dattijuwar da limamai ke rusuna mata, ta ajiye mayafi a kafaɗa, ta buɗe hannuwa, ta bubbuga su a cinya, ta miƙa wuya sama, ta kwarara kirarin yaƙi:

"Ƙuƙuruƙuuu!"

"Zakara!" in ji Kofur, ya ƙame.

"Allah Ya yi maka albarka! To, gyara masa ƙarshe."

Kofur ya yi tunani mai zurfi irin na manyan hafsoshi. "Zakaru?" Sannan fuskarsa ta ɗaure, ya dubi buhun da zargi. "Mama, an hana kiwo a nan."

Rana ta karkata. Man shanu ya narke ya fara tsiyaya ta gindin buhu. Inna ta zauna a kan kayanta, kuma a karon farko tun da ta baro gida tsoro ya kama ta. Ga yaron can bayan ƙarfen nan, ƙila ya rame, ƙila ko gishiri babu a ɗakinsa, kuma abin da ya raba su kalma ɗaya ce wadda ta yi shekara hamsin da huɗu tana tsaronta. Ta dubi ƙofa, ta dubi ƙasa. A zuciyarta ta ce, Malam, ka yafe mini, ai kai ma ba za ka so ya kwana da yunwa ba. Ta yafito Kofur, ta rufe rabin fuska da mayafi, ta buɗe baki, da muryar da ba ta kai ta sauro ba ta ce:

"Zakari."

"Kai! Oga Zak?" Kofur ya washe baki. "Ai da kin faɗa tun ɗazu! Tun asuba ya fita da jaka. Ya ce hutunsa na farko ke nan, zai je Ƙaraye ya ba kakarsa mamaki."

Masana tarihi sun yi saɓani a kan abin da ya biyo baya. Abin da suka haɗu a kai shi ne Kofur ya buga wa Maigida waya, aka same shi zaune a dakalin ƙofar gidanta da buhun shinkafa da atamfa, yana dariya har yana tari. Da aka miƙa wa Inna wayar ya ce, "Amaryata, ya aka yi ya gane ni kike nema?"

"Kwatance na yi, ɗan nema," in ji ta, tana harar Kofur. Kofur ya ɗaga kai yana nazarin gajimare.

Haka yaƙin ya ƙare, ba ganima, ba fursuna, ganuwa tana nan inda take. Kofur ya tafi nemo mata makullin ɗakin Maigida a wajen maƙwabcinsa, ya bar ta ita kaɗai a inuwa. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ba kowa. Tunda dai sunan ya riga ya fita, sai ta sake faɗinsa sau ɗaya, a hankali, don ta ji yadda yake a baki. Ashe suna ne mai daɗin faɗa, kuma mai shi bai taɓa jin sa daga bakinta ba.