Alhaji Hana-Riba da Kujerar Lahadi

Idan ana lissafin manyan mutanen da ƙasar Hausa ta ba Faransa aro, wanda bai fara da Alhaji Chaibou na unguwar Barbès a Paris ba bai iya lissafi ba. Kantinsa na wayoyi da cajoji bai fi taku huɗu ba, yana gefen gadar metro, jirgin ƙasan cikin gari, inda jirgin ke girgiza masa kofin shayi duk bayan minti biyar. Amma ba da faɗin kanti ake auna mutum ba. Alhaji ɗan Damagaram ne, a Kasuwar Dole ya yi wayo, kuma shekara talatin ke nan yana Paris bai taɓa sayen abu a kuɗin da aka fara faɗa masa ba. Haka dai yake cewa, mu kuwa ba mu da hurumin ƙaryata mai furfura. Abokan shayinsa suna kiran sa Hana-Riba. Shi ya ɗauka kirari ne, har yakan gyara zaman hula in ya ji.

Ilimin Alhaji ba na ɓoyo ba ne, kyauta yake raba shi, kuma shi kaɗai ne abin da yake bayarwa kyauta. Kada mai kaya ya ga idonka ya kwanta a kan kayansa. Kada ka shiga kasuwa da agogon zinariya. Babbar ƙa'idar kuwa, wadda yake ɗaga yatsa kafin ya faɗe ta, ita ce ka taya, in an ce albarka ka juya baya ka tafi, kada ka waiwaya. "Wanda ya fara kira shi ya faɗi," in ji shi. An ce ya taɓa taya burodi a wurin wani Bafaranshe, ya yi ta tafiya yana dawowa har mutumin ya miƙa masa na jiya don ya huta. Alhaji ya shekara yana ba da labarin wannan nasara.

Yana da ɗiya guda, Inès, wadda ta tafi Lyon karatun waƙa da wasan dandali. Da farko Alhaji ya ce shi bai haifi zabiya ba, ya yi wata uku ba ya ɗaukar wayarta. Da ya ga sunanta a jikin takardar talla, ko da yake can ƙasa ne da ƙananan baƙaƙe, sai ya tuna cewa muryar a wurinsa ta gado ta. Ya manna takardar a ƙofar kanti, ya zagaye sunan da jan biro.

Wata Laraba Inès ta kira gida cike da murna. Shekara biyu tana cikin 'yan amshi a wani wasan waƙe da rawa, tana kuma zaman jiran ko-ta-kwana a bayan babbar mawaƙiyar. To, babbar za ta yi tafiya, an ba Inès matsayinta na rana ɗaya tak, wasan la'asar ranar Lahadi, mako uku masu zuwa. Abu guda ta roƙa: in ta fito ta duba, ta ga Baba da Mama a zaune. Tikiti Yuro talatin da takwas ne, ta ce a saya yau, don irin wannan farashi hawa yake yi in kujeru suna ƙarewa. Ta ma ce za ta saya musu da kuɗinta.

Alhaji ya yi dariyar manya. "Ɗiyata, ke waƙa kika karanta, ni kasuwa na karanta. Talatin da takwas kuɗin buɗe baki ne. Bari in nuna wa Nasara yadda ake ciniki."

Washegari ya tara shaidu a kanti, ciki har da Nouhou direban tasi, wanda suka zo Faransa shekara ɗaya. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Ya liƙe idon kwamfutar da salatif, kada su ga shaddar da ke jikinsa su ƙara kuɗi. Ya buɗe shafin gidan wasan, ya zaɓi kujeru biyu, ya sa su a kwandon sayayya na shafin, ya dubi kuɗin ya ja tsaki yadda za a ji. Sai ya rufe kwamfutar, ya fita daga kanti, ya taka har bakin tashar metro hannuwansa a baya, bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Allah da ikonsa, da yamma sai ga saƙo ya shigo wayarsa: kwandonka yana jiran ka. Ranar an sha shayi har zagaye na huɗu. Alhaji ya bi kowa da wayar yana nunawa, ga shi sun kira shi, ko kwana ba su iya yi ba. Nouhou ya ce na'ura ce ke aika wa kowa irin wannan saƙo, ba ta san shi ba, ba ta san ubansa ba. Ya ƙara da cewa abin kamar tasinsa ne ranar ruwan sama, in masu nema sun yi yawa kuɗi ya hau. Alhaji ya dube shi da tausayi, ya ce shi ya sa har yau yake tuƙa motar wani. Ba a komawa a kiran farko, sai na uku.

A kira na uku tikitin ya zama hamsin da biyu.

Da wani ne da ya ji kunya, amma Alhaji ya gane dabara ce irin ta 'yan kasuwa, a ɗaga don a tsorata ka. Ya bar ciniki ya koma farautar lambar rangwame, wadda yara ke kira kod promo. Kwana biyar masu sayen caja suna tsaye suna jira, shi yana can yana kwafo haruffa daga shafukan da suka yi masa alkawarin ragin rabi. Ta farko ta mutu tun bara. Ta biyu ta 'yan ƙasa da shekara ashirin da shida ce, ya gwada ta duk da haka, ya ce a zuciya shi yaro ne. Wata ta rukunin mutum goma ce, ya tashi haiƙan zai kwashi 'yan shayi zuwa Lyon, da suka ji kowa shi zai biya wa kansa sai duk aka tuna ana da suna ranar. A wajen neman nan ya ba da lambar wayarsa a wurare bakwai, har yau ana kiran sa ana yi masa tallar tagogi.

A rana ta shida wata lamba ta ci. Kuɗin ya faɗo da kashi ashirin cikin ɗari, Alhaji ya miƙe tsaye ya yi hamdala. Da ya duba da kyau, ragin na wasan ranar Talata ne, ranar da Inès ke can baya cikin 'yan amshi tana riƙe da kwandon wanki. Bai karaya ba. Ya kira ta, bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ta ko za ta yi wa shugabansu magana a mayar da ranarta Talata. Ta ce, "Baba, don Allah ka saya kawai." Tikitin Lahadi a lokacin ya kai saba'in da ɗaya.

A gida, a La Courneuve, Hajiya Hassia ta yi magana sau ɗaya, ta ce araha ba ta ado, kuma garin neman gira ake rasa ido. Ya ce kada ta zubar masa da mutunci a idon Barbès. Shekara ashirin da takwas na aure sun koya mata inda ake zuba magana da inda ake adana ta. Tun ranar Larabar farko ta haye bene wurin maƙwabciyarta Fatou, ta ba ta kuɗi, aka saya mata kujera ɗaya a wayar Fatou, layi na shida. Ana saura kwana biyu wasan, ranar Juma'a, ta ce za ta riga shi tafiya ta taya ɗiyarta shiri, ta hau bas ta wuce.

Alhaji kuwa ya gano sirrin ƙarshe, ya kuma yi wa 'yan shayi lacca a kai. Kujerar wasa, in ji shi, tumatir ce. Duk wanda ya san kasuwar ƙarƙashin gada ya san in an kusa tashi, kwandon da aka hana ka da safe shi ake roƙon ka ka ɗauka. Da an ɗaga labule kujerar da ba a saya ba ta ruɓe. Saboda haka zai je da ƙafarsa, minti goma kafin a fara, ya kama su ido da ido. A gaskiya maganar ba duka ce ƙarya ba, ana yin haka ga wasan da ba mai so. Abin da bai shiga lissafin malamin ba shi ne a ce jama'a na son wasan da ɗiyarsa ke ciki.

Ranar Lahadi ya sayi tikitin jirgin ƙasa a tasha, ninki uku na abin da Nouhou ya ce ana saye in an yi da wuri. Wannan bai shiga tarihi ba, tunda ba shaidu. Ya sauka a Lyon cikin babbar riga, agogo a aljihu, ya isa gidan wasan a bakin kogi ana ta tururuwar shiga.

Matar da ke tagar sayar da tikiti ta duba na'urarta ta ce ya yi sa'a, wani ya fasa zuwa, saura kujera ɗaya, Yuro ɗari da goma. Alhaji yana son ɗiyarsa, wannan ba mai musun sa. Kuɗin kuma suna aljihunsa, hannunsa ma yana kansu. Amma bakin da ya shekara talatin yana abu ɗaya ba ya jiran izini.

"Madam, arba'in. Ni ne uban tauraruwar."

Ta taya shi murna, ta ce ɗari da goma. Ya hau zuwa arba'in da biyar. Ta ce Mushe, wato Malam a bakin Faransawa, akwai mutane a bayanka. Sai Alhaji ya gyara wuyan riga, ya juya baya, ya fara takawa a hankali, irin takun da ya durƙusar da 'yan Kasuwar Dole. A taku na biyar ya rage sauri don ya ba ta dama. A na bakwai ya ji ƙarar na'ura tana fitar da takarda. Ya karya ƙa'idarsa ya waiwaya, ya ga wata tsohuwa mai sanda tana sa tikitin a jaka, matar taga kuma tana rataya ɗan allo mai cewa wuri ya cika.

Awa biyu da rabi ya yi a kan bencin zaure, shi da mai gadi. In wani ya fito zuwa bayan gida, ƙofar takan buɗe na ɗan lokaci, murya ta ɓullo, mai tsayi, mai tsabta, irin wadda bai taɓa sanin tana cikin gidansa ba, sai ƙofar ta koma ta rufe. Sau uku aka yi masa haka. Ya gaya wa mai gadi ɗiyarsa ce, mai gadi ya ce to, ya ci gaba da duba wayarsa. Da tafi ya ɓarke a ƙarshe, har ta ƙasan bencin ya ji shi.

Inès ta fito da kwalliyar wasa a fuskarta, furanni a hannu, Hajiya na gefenta ido ya yi ja don kukan daɗi. Alhaji ya tare su da bayani tun kafin a tambaye shi: ɓarayi ne, ɗari da goma a kan kujera ɗaya, shi kuwa bai bari sun ci ko sisinsa ba. Ta bar shi ya kai aya.

"Ina ta duba layi-layi ina neman hularka," ta ce. "Nawa ka taya ni, Baba?"

Ta miƙa wa uwarta furannin, ta juya ta koma ciki. Ba ta waiwaya ba.

Ranar Litinin Barbès ta ji cewa Alhaji ya je Lyon ya dawo bai ba gidan wasa ko sisi ba, kuma ya ji waƙar. Duka gaskiya ne. Bayan mako biyu ma aka aiko masa lambar ragin kashi talatin, ya zagaya da ita yana cewa ga shi sun sauko. Ba wanda ya tuna masa cewa babbar mawaƙiyar ta dawo.

Wata huɗu ke nan. Inès tana kiran uwarta kowace Lahadi. Alhaji yakan ajiye tasa wayar a kan teburin kanti, fuskarta sama, yana satar kallon ta tsakanin mai saye da mai saye. Nouhou ya ce masa ya kira ta mana, ya ce a'a, wanda ya fara kira shi ya faɗi. Ya manta a gidan wa yarinyar ta tashi. Ita ma ta san ƙa'idar.