Yadda Za Ki Kiwata Kifin Kadinal a Falon da Kaka Ke Zama

Ki bi matakan nan shida, na yi miki alkawari za ki ga 'ya'yan wannan ƙaramin kifin teku suna yawo a tankin gilashinki. Littattafai huɗu na karanta a kan harkar, ɗaya ma har ƙarshe.

1. Nemi wuri

Tanki na son wuta saboda famfon iska da abin ɗumama ruwa. Soket ɗaya ne mai lafiya a falonku, kuma talabijin ɗin Baba ke kai. Ki roƙe shi bayan ya ci ya ƙoshi. Zai ce, "Wata biyu na ba ki. In ba su haihu ba, su koma wurin mai sayar da su, talabijin ya dawo mazauninsa." Ki ce kin gode. In za ki yi kuka, ki bari sai kin shiga ɗaki.

2. Haɗa ruwa

Da gishirin teku na musamman ake haɗawa. Umma za ta miƙo miki na kicin, ta ce gishiri ai gishiri ne. Karɓi da hannu biyu, ki mayar in ta juya baya.

3. Bambance mace da namiji

Ba za ki iya ba. Masana ma kame-kame suke yi. Sayo biyar ki zuba musu ido. Biyun da suka ware a lungu suna korar sauran, su ne ma'auratan.

4. Fahimtar da Kaka

Macen za ta saki ƙwai, namijin ya kwashe a baki, ya yi mako uku ko fiye bai ci komai ba. In aka firgita shi sai ya tofar ko ya haɗiye. A nan Kaka za ta leƙo.

"Ke, kumatun wannan sun kumbura. Hangum ne?"

"Ƙwai ne a bakinsa, Kaka."

"Babu mai zama da yunwa a gidan nan, ko kifi ne." Kafin ki ankara ta fara marmasa biredi. Riƙe hannun cikin ladabi, ki ce ai namiji ne, goyo yake yi.

"Namiji? Uwar fa?"

"Ga ta can tana cin abinci."

Kaka za ta ajiye biredin, ta matso jikin gilashin tana kallon namijin.

5. Ba Kaka gadi

Ba sai kin roƙa ba, da kanta za ta jawo kujera. Daga ranar ba mai buga ƙofa, ba mai tari da ƙarfi. In Baba ya ƙure rediyo, za ki ji ta ce, "Rage mana, ana jego. Kai da aka ba ka 'yarka minti biyar ka ce hannunka ya sage."

6. Ranar wa'adi

Wata biyu zai cika bakin kifi na nan a cike. Baba zai shigo rungume da talabijin. Ke dai ki kalli ƙasa.

"Ina za ka da shi?" in ji Kaka.

"Inna, wa'adi ya cika."

"Mai goyo za ka tayar? Mayar da shi inda ka ɗauko."

Bayan kwana uku kifin zai buɗe baki, 'ya'ya ashirin su fito, kowanne bai kai farce ba. Sai ki sanar, murya ƙasa-ƙasa, cewa dole a raba su da uban don kada ya cinye su, wato ana buƙatar tanki na biyu. Kaka za ta waiga ta ƙare wa falon kallo, ta nuna kujerar Baba da sanda.

Gargaɗi: Ba ruwan mai wannan rubutu in kifi ya haɗiye ƙwai, ko ruwa ya jiƙa kafet, ko Baba ya koma kallon labarai a shagon aski. Duk mai ƙorafi ya je ya samu Kaka, tana nan a gaban tanki, amma ya yi magana a hankali.